Jawabi a Kan Wasan Baƙaƙen Amurka a Pari da Mutumin da Ya Ce Ya Ga Biri

 Ƴan'uwa maza da mata na kwamitocin Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, da na ƙananan kasuwanni inda takardan nan za ta kai, muna gaishe ku. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ya kuma karanta a hankali, gama zancen yau ba na lanho ba ne ko na kuɗin hatsi. Zancen wasa ne. Wasan kuwa an yi shi nesa da mu, an kuma daɗe da yinsa, a 2025 ya cika shekara 100. Amma ku yi haƙuri ku ji, za ku ga inda ya taɓa mu.

Ran 2 ga watan Oktoba na 1925 aka buɗe wani wasa a birnin Pari, a babban gidan teyatur da ake kira Champs-Élysées. Sunan wasan La Revue Nègre, watau wasan baƙar fata. Masu yinsa mutum 25 ne ko kusa da haka, baƙaƙen Amurka, jikokin bayi, waɗanda suka ƙetaro teku cikin watan Satumba tare da wata Baturiyar ƙasarsu, Caroline Dudley, wadda ta tara su. Akwai makaɗa, shugabansu Claude Hopkins mai buga piyano. Akwai mai busa, Sidney Bechet. Akwai zabiya, Maud de Forest. Akwai maza da mata masu rawa, cikinsu da wata ɗiya mai shekara 19, ana ce da ita Josephine Baker. Irin wasan nan ba labari guda ake bi ba daga farko har ƙarshe. Gutsure-gutsure ne: a yi kiɗa, a yi rawa, a yi ban dariya, a saki labule a sake shiri, kamar yadda dandali kan kasance daren salla, wannan ya fita wancan ya shigo.

Gida ya cika, ya kuma yi ta cika dare bayan dare. To, a can ƙasar akwai wata sana'a, sana'ar mai sharhi. Mutum ne da jarida ke biya don ya je ya kalli wasa, ya komo ya gaya wa masu karatu ko ya yi kyau ko bai yi ba, maganarsa kuwa tana iya cika gida, tana iya watsa shi. Cikin watan Nuwamba sai wani babba daga cikinsu ya yi magana a jaridar Le Figaro, sunansa Robert de Flers. Ya ce wasan nan abin takaici ne, tallan tsiraici ne da aka ɗebo musu daga ƙetaren teku, kuma zai mai da su ga biri da sauri fiye da yadda suka fito daga gare shi. Masanansu ne ke cewa mutum da biri kakansu ɗaya, wannan gardama ce ta wata rana. Abin da yake nufi dai ba ya ɓuya ga kowa.

Mun ƙi wannan magana. Zagin da ke cikinta mun saba jin irinsa, kunnenmu ya yi kanta. Babban laifinta a wurinmu shi ne, aikin da aka biya mutumin nan ya yi, bai yi ba. An aike shi ya duba, ya je ya zauna a kujera mai kyau, ya komo bai ga abin da ke gabansa ba.

Ga abin da ke gabansa. Ɗiyan nan an haife ta a 1906 a birnin St. Louis, uwarta wankau take yi wa mutane. Tun tana shekara 8 aka kai ta aikatau gidajen Turawa. Tana shekara 11, a 1917, Turawa suka auka wa unguwar baƙaƙe a ƙetaren kogin garinsu, suka sa wuta, ƙidayar hukuma ta ce baƙaƙe 39 suka mutu, mutane da yawa kuwa sun ce sun wuce 100. Daga nan ta shiga yawon wasa, gari zuwa gari, har ta sami shiga wani babban wasa na baƙaƙe mai suna Shuffle Along. A gidajen wasan baƙaƙen Amurka akwai wata al'ada. In ƴan mata suka jeru sahu suna rawa ƙafa ɗaya, ta ƙarshen sahu aikinta daban ne. Ita ce ke yin kamar ta manta rawar. Sauran su yi dama, ita ta yi hagu. Ta yi tuntuɓe, ta gwame ƙafafu, ta kumbura kumatu kamar mai busa algaita, ta tara idanu a karan hanci. Jama'a su yi ta dariya. Sa'an nan da an sake kiɗan, sai ta taka rawan nan daidai, har ta ɗora wani abu da sauran ba su iya ba. Wannan ce sana'ar Josephine, da ita ta yi suna a ƙasarsu tun ba ta ga Pari ba, da ita kuma ta fara fitowa a wasan 1925, cikin yagaggun tufafi, tana murguɗa baki tana wasa da idanu.

Ƴan'uwa, mu wannan sana'a ba sai an fassara mana ita ba. Wa ke cikinku bai taɓa tsayawa wurin ɗan kama ba ranar kasuwa? Ya naɗa rawanin tsumma, ya tanƙwashe ƙafa, ya gyara murya, ya ja baƙi kamar mai tafsiri, ɗan'uwansa na amsa masa, amma duk abin da ke fita bakinsa tuwo ne da miya da fura da nama. Ko ya ɗauki waƙar wani babban makaɗi da ya yi wa sarki, bai taɓa muryar ba ko kaɗan, sai dai inda aka ambaci dawaki da mayaƙa shi ya sa akushi da ludayi. Baƙon da ba ya jin Hausa in ya tsaya ya kalla, zai tafi ya ce ya ga malamin ƙasar nan, mahaukaci ne kuma mayunwaci. Yaro ɗan shekara 7 kuwa ya san abin da ake yi. Ya san ba mai iya kwaikwayon tafsiri sai wanda ya daɗe a gindin masu tafsiri, ya san inda suke numfasawa da inda suke ɗaga murya. Hakanan rawa. Ba mai iya ɓata rawa a kan kiɗa, ya ɓata ta daidai wurin da za a yi dariya, ba gaba ba baya, sai wanda ya iya ta fiye da sauran sahun. Mai sharhin Figaro ya ga ɗan kama, ya rubuta cewa ya ga mahaukaci. Abin da ya faru ke nan.

Kuma kwaikwayon nan yana da tsohon asali, wanda ya kamata ku sani. Tsofaffin da aka haifa cikin bauta a Amurka sun ba da labarin wata rawa da ake kira kekwok. Sun ce bayi kan leƙa su ga iyayengijinsu suna rawarsu ta ƙasaita, a miƙe wuya, a turo ƙirji, a riƙa taku ɗai-ɗai. Sai su koma wajen bukkokinsu su kwaikwaya, su ƙara gishiri. Iyayengijin su zo kallo, su yi ta dariya, har su ba wanda ya fi iyawa kyautar kek, ba su san da su ake ba. Bayan haka sai waɗansu Turawa ƴan wasa suka riƙa shafa baƙi a fuska suna taka rawan nan, a zatonsu halin baƙin mutum suke kwaikwaya. Da baƙaƙe suka sami hawa dandamali su ma, sai masu gidajen wasa suka ce ba a san baƙin mutum ba sai irin wancan, tilas su shafa baƙi a kan baƙinsu su kwaikwayi masu kwaikwayonsu. Ita kanta Josephine ta yi wasa da fuska a shafe a 1924. Ku lissafa: bawa ya kwaikwayi ubangijinsa, Bature ya kwaikwayi bawan, jikar bawan ta kwaikwayi Baturen. Riga uku ke nan, wata a kan wata. Mutumin da aka ce shi ne idon Pari ya dubi wannan duka ya ce ga halitta nan tsirara, ba koyo ba dabara.

Da wani ne can wanda bai san dariya ba, da mun yi masa uzuri. Amma shi Robert de Flers abincinsa ke nan. Marubucin wasannin ban dariya ne, da su ya yi suna. A Faransa akwai wata majalisa ta dattawan harshe da ake kira Akademi, kujerunta 40, duk wanda ya shiga sai a ɗinka masa riga mai koren aiki a rataya masa takobi. A 1912 de Flers da abokin aikinsa Caillavet suka rubuta wasa mai suna L'Habit vert, watau koriyar riga, suka yi wa dattawan nan ba'a, Pari ta yi dariya har ta gaji. A 1920 sai dattawan suka zaɓe shi, shi ma ya sa rigar. Watau ɗan kama ne da aka naɗa wa rawanin gaske. Bayan shekara 5 ya ga ƴar sana'arsu a kan dandamali bai gane ta ba. In shi ya yi, sunan abin hikima. In baƙar ɗiya ta yi, ba ya ko tsammanin da gangan take yi.

To, yanzu ga wurin da muka san waɗansunku suna jira. Za ku ce, an ji zancen ban dariya, tsiraicin fa? Gaskiya ne, a ƙarshen wasan akwai wata rawa da suka kira rawar ƴan daji. Wani ƙato mai suna Joe Alex ya shigo ɗauke da ita a bayansa, ba kome jikinta sai ƴan gashin tsuntsu. Ba mu zo nan mu ce muku wannan abu ne mai kyau ba. Ba ma so ga ɗiyanmu, ba ma so ga ɗiyan kowa. Amma alƙalin kirki kan tambayi wa ya sa aka yi, mai sharhin kirki ma haka.

Rawan nan ba da ita suka zo daga Amurka ba. Da suka iso Pari suka gwada wasansu a gaban masu gidan, sai ran masu gidan ya ɓaci. Shugaban gidan, André Daven, da mutanensa suka ga abin ya cika tsari, ƙafafu na sauka tare, mata sun rufe jikinsu, zabiya na waƙoƙi masu nauyi. Suka ce wannan bai isa baƙar fata ba. Ku ji fa, Turawa ne ke gaya wa baƙaƙe cewa baƙinsu bai kai ba! Sai aka kirawo wani gwanin shirya wasannin dare na Pari, Jacques-Charles, shi ya sake yanka wasan, ya matsar da zabiya gefe, ya jawo ƴar ban dariya gaba, ya ƙago rawar ƴan daji. Masu rubuta tarihin Josephine sun ce da aka gaya mata za ta tuɓe, ƙi ta yi da fari, har da kuka, ta ce a mai da ita gida. A ranar nan ƙafarta ba ta taɓa taka ƙasar Afirka ba. Dajin da aka ce ta fito daga ciki, a biron gidan teyatur aka shuka shi. Tuɓe mata a kan dandamali kuwa ba baƙon abu ba ne a Pari. Tun kafin 1925 ƴan matan Turawa ke fitowa ƙirji a buɗe a manyan gidajen wasan dare na birnin, in an tsananta a ce musu marasa kunya, ba a ce musu birai. Saboda haka abin da de Flers ya ce an ɗebo daga ƙetaren teku, a unguwarsu aka dafa shi, da tukunyarsu. Hausawa na da karin magana a kan kura da gardi, wa ke shan bugu wa ke karɓar kuɗi. Ba za mu kira ɗiyan nan kura ba, sunayen dabbobi da aka laƙa mata sun isa. Amma gardin mun gane shi, bulalar mai sharhi kuwa ba ta sauka a kansa ba.

Me ya sa masu gidan suka so daji? Ƴan kasuwa ne, ku ma ƴan kasuwa ne, kun san ba a kasa abin da ba a tambaya. A shekarun nan Pari na jin yunwar Afirka, amma Afirka irin wadda take so. Masu zane na sayen gumakan katako, attajirai na rataya su a ɗaki. Mu ma an zo an ɗebi namu. A ƙarshen 1924 motoci 8 na kamfanin Citroën, masu sarƙa maimakon ƙafafun baya, suka ratsa ƙasar nan ta Yamai da Tasawa da Damagaram suka nufi tafkin Cadi, da mai zane da mai ɗaukar silima a cikinsu. Suka zana sarakuna da mahaya, suka ɗauki mata, a 1926 aka nuna silimar a Pari. Kasuwa ɗaya ce. Abin dariya ma, a 1931 da aka yi babban bajekolin ƙasashen da Faransa ke mulka, sai aka ce Josephine ce sarauniyar bikin. Nan take aka tashi da ƙorafi, aka ce ai wannan ba ƴar ko ɗaya daga cikin ƙasashen ba ce, aka janye sarautar. Shekara 6 ana sayar da ita da sunan Afirka, ranar rabon rawani aka tuna ƴar Amurka ce.

Kada kuwa ku zaci duk masu sharhi zagi suka yi. Da yawa yabo suka yi, yabon ma muna da magana a kansa. Wanda ya fi su sanin rawa, André Levinson, ya yaba ƙwarai. Ya ce da ya gan ta sai ya ga gumakan Afirka sun tashi suna motsi, ya ce ba ƴar ban dariya ce ke gabansu ba kuma, wata gunkiyar sha'awa ce baƙa irin wadda mawaƙansu ke mafarki. A wurinsa rawar Turai aikin hankali ce da horo, wannan kuwa jini ne ke tafasa. To, ina bambancinsa da na farko? Wancan ya ce biri ya tsorata, wannan ya ce gunki ya yi murna, dukansu biyu ba wanda ya ce ga ma'aikaciya ta koyi aiki shekara da shekaru a gidajen wasa masu arha, tana kwana a jirgin ƙasa, ta san abin da take yi. Mu a ganinmu yabon ya fi zagin haɗari, gama zagi kan sa mutum ya miƙe, yabo irin wannan kuwa kan sa ya gyara zama cikin kejin.

Wani zai ce, ku bar dattijo ya huta, zamaninsa ne, kowa haka yake gani a lokacin. Ba haka ba ne. Mai busan nan Sidney Bechet, mutumin New Orleans, yana cikin wasan. Akwai wurin da yakan fito yana tura amalanke kamar mai tallan gyaɗa a gindin dogayen benaye, ya tsaya ya yi busa shi kaɗai, ba rawa ba tsalle. Shekara 6 kafin wannan, a 1919, wani babban shugaban makaɗa na ƙasar Suwis, Ernest Ansermet, ya ji busarsa a Landan, yana saurayi ɗan shekara 22. Ya koma ya rubuta cewa ya ji gwani na gaske, ya ce yana so ya ajiye sunansa a rubuce, ya kuma yi bayanin yadda yake gina busar da yadda yake rufe ta. Shi ma Bature ne, shi ma mutumin zamanin ne. Bambancin, shi ya kasa kunne. Ta ɗaya gefen kuma, a 1928 wata baƙar mace ƴar tsibirin Martinik, Jane Nardal, ta rubuta a jaridar La Dépêche africaine tana sukar wannan kasuwa duka, ta ce an mai da baƙaƙe ƴan tsana na baƙunta don nishaɗin Turawa. Ita ma suka ta yi, amma ta san inda ta sa sandarta. Saboda haka a zamanin nan akwai mai ji, akwai mai gani. Ba zamani ne ya toshe wa de Flers ido ba.

Tun da kuwa tsoronsa shi ne kada wayewa ta koma baya, sai mu tambaya me wayewar ke yi a watan. Wasan na da kwana 16 da buɗewa, ran 18 ga Oktoba 1925, Janar Sarrail ya sa aka buɗe wa birnin Dimashƙa na ƙasar Sham wuta da manyan bindigogi da jiragen sama, har kwana biyu, don mutanen ƙasar sun tayar wa mulkin Faransa. Wata tsohuwar unguwa ta ƙone ƙurmus, har yau sunanta Harika, masu Larabci cikinku sun san gobara ke nan. A duwatsun Rif na Maroko ana yaƙi da Abdulkarim. A nan ƙasarmu ana kama mutane aikin dole, ba a soke shi ba sai 1946. Duk wannan bai mai da kowa biri ba, sai ɗiya mai tara idanu a karan hanci.

Akwai abu guda da ya faru a gidanmu a daidai lokacin, wanda ke nuna cewa rashin ganewan nan zaɓe ne. Wajen 1925, a ƙasar Kurfai ta wajen Filinge, waɗansu sababbin iskoki suka fara hawa kan mutane, aka kira su Hauka, waɗansu su ce Babule. Wannan bori ne, ba wasan ban dariya ba, kada a haɗa su. Amma wanda abin ya hau sai ya miƙe ƙyam kamar soja, ya sara, ya yi maci, ya riƙa ba da oda da muryar bariki. Cikin iskokin akwai Gwamna, akwai Kafaran Gardi. Da labari ya kai wa kumandan Crocicchia a Yamai, bai tsaya cewa wannan halin jahilai ne marasa dabara ba. Nan da nan ya gane wa ake kwaikwaya. Ya sa aka kamo su aka zuba a kaso. Bayan haka sai ga sabon iska ya bayyana cikinsu, sunansa Kumandan Mugu. Ashe suna gane kwaikwayo sarai in ya biyo ta kansu.

Abin da ya faru da Josephine daga baya sananne ne, ba za mu daɗe a kai ba. Ta zama ƴar ƙasar Faransa a 1937, ta yi wa masu yaƙi da Jamus aikin asiri, aka ba ta lambobin yabo, ta tsaya cikin kakin soja ta yi magana a babban taron baƙaƙe na Washinton a 1963, ta rasu a 1975, a 2021 kuma aka shigar da sunanta Panthéon, gidan da Faransa ke girmama manyanta, ita ce baƙar mace ta farko. Masu kare ta kan jawo wannan su ce, kun gani, ashe mutuniyar kirki ce. Mu ba ma so mu ci gardamar da lambobin soja. Da ta mutu a 1926 ba lamba ko ɗaya, sharhin nan dai ƙarya ne. Ba sai ɗan wasa ya je yaƙi ba kāna a yarda cewa wasansa aiki ne.

Dalilin da ya sa muka kawo muku wannan ke nan, ƴan'uwa. Idon de Flers bai mutu tare da shi ba a 1927, an bar mana gadonsa, ba kuwa a wurin Turawa kaɗai ba. A cikinmu akwai waɗanda suka yi lakwal, in an yi baƙi aka kawo ƴan kama ko ƴan gambara, sai ka ga kunya ta kama su, suna ba baƙo haƙuri, suna cewa ai mutanen ƙauye ne. In samarin Damagaram suka yi wasan kara, wannan ya zama sarki, wannan alƙali, wannan gwamna da tabaron kara da bindigar kara, sai wani mai takalmi ya ce shirme ne na marasa aikin yi. In ana teyatur irin na su Yazi Dogo, ana kwaikwayon ɗan kasuwa mai haɗama da ma'aikacin biro mai jiran goro, sai ya ce wannan ba ilmi ba ne, ilmi na cikin littafi. Akwai kuma waɗanda ke yin irin na Levinson, su ce kai, mutanenmu da rawa aka haife su, a jininsu take. Ƙarya ne. Ku tambayi makaɗin kalangu shekara nawa ya yi yana ɗaukar wa ubangidansa kaya kafin a bar shi ya taɓa fata a gaban jama'a. Ba mu ce kada a soki wasa ba. Akwai ɗan kama malalaci mai maimaita abin bara, akwai ɗan gambara da ba shi da kome sai batsa, a faɗa musu. Amma mai faɗar ya fara sanin wa ake kwaikwaya, wa ya shirya, wa ya biya, wa kuma ya koyar.

Sauran ƴan wasan fa? Daga Pari suka tafi Biljiyam, sa'an nan Balin ta Jamus a ƙarshen shekara. A can ne Josephine ta bar su, gama gidan Folies Bergère na Pari ya yi mata tayin da ya fi, ta komo ta sa ɗamarar ayaban nan da hotonta ya zaga duniya a 1926. Ba mu ce ta kyauta ba. Da ta fita wasan ya watse, aka bar ƴan'uwanta a ƙasar da ba su jin harshenta, kowa ya nemi hanyarsa. Maud de Forest, wadda aka ƙetaro da ita don ta zama babbar zabiyar wasan, sunanta ya nutse. Bechet ya yi yawo har Rasha yana busa. A ƙarshen 1928 ya yi faɗa da wani makaɗi a titin Pari, suka harbi juna, harsashi ya sami masu wucewa, ya yi wata 11 a kaso aka kore shi daga ƙasar. A 1949 ya komo, samarin Faransa suka yi ta cika gidajen wasa don jin busarsa, ya zauna can. Ya rasu kusa da Pari ran 14 ga Mayu 1959, ranar da ya cika shekara 62.